DARASI: MATAR SOJA, KWALBAR MIJINTA DA WAYAR DA KE HANNUNTA



Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

'Yan'uwa masu bibiyar wannan shafi, darasin yau ba shi ne wanda na yi muku alkawari ba. Wani saƙo ne ya sauya min akala. Ya shigo wayata wajen ƙarfe biyu da rabi na dare, ban gan shi ba sai bayan sallar asuba. Wata baiwar Allah ce, matar soja, 'ya'yanta uku. Na nemi izininta kafin in taɓo maganar, na kuma cire duk abin da zai sa a gane ta. Ga abin da ta ce a taƙaice:

"Allah Ya gafarta Malam. Maigidana ya dawo daga daji ba yadda ya tafi ba. Da ko sigari ba ya sha. Yanzu in aka yi albashi ba na ganinsa sai tsakar dare, yana warin abin nan. Na yi kuka, na yi faɗa, na fasa kwalabe, na yi yaji sau biyu. Ban gaya wa kowa dalili ba, don in maganar ta kai ofis abincinmu ne zai taɓu. Malam, in na faɗa wa wani na tona masa asiri? In na yi shiru na cuci yarana? Ni dai ba ni da kowa a garin nan, waya kawai gare ni."

Ku lura da kyau, ba ta tambaye ni hukuncin giya ba. Ta san haramun ce, shi ma mijin ya sani, ɗan firamare ma ya sani. Na kuma san abin da da yawanmu za mu ce mata in ta kawo mana kukanta. Kashi ɗaya za su ce ki yi haƙuri ki dage da addu'a. Kashi na biyu za su ce me kike jira, ki tattara kayanki. Addu'a gaskiya ce, haƙuri gaskiya ne, rabuwa ma akwai ranar da take zama wajibi. Amma a tsakanin "yi haƙuri" da "fita" akwai fili mai faɗi wanda mu masu wa'azi ba mu cika shigarsa ba, ni ma ina ciki. Filin nan shi ne: gobe da safe, in ya farka, me za ta ce masa? Da wace murya? Wa za ta kira? A nan nake so mu zauna yau.

Bari mu fara da shi mijin.

Ba uzuri nake nema masa ba. Sai dai ruwa ba ya tsami banza, kuma wanda bai san inda ciwo ya faro ba ba zai iya jinya ba. Tun 2009 ake yaƙi a arewa maso gabas, ga dazukan arewa maso yamma sun biyo baya. Mutum ya yi watanni, wani ma shekaru, yana kwana da takalmi a ƙafa. Ya ga nakiya ta tashi da motar da ke gabansa. Ya ɗauki gawar wanda suka ci abinci tare da safe. Sannan a ba shi hutu a ce je ka gida. Jiki ya dawo, amma ƙwaƙwalwa tana can. A bugo ƙofa da ƙarfi ya zabura, yaro ya fasa balan-balan zuciyarsa ta yanke, in ya rufe ido abin ya dawo masa kamar yanzu ake yi. Likitoci suna kiran wannan PTSD, wato firgicin da ke biyo bayan mummunan tashin hankali. Ciwo ne, ba raunin imani ba ne, ba kuma ragwanta ba.

To mai wannan hali babban abin da yake nema shi ne barci. Sai wani aboki ya ce masa kurɓa kaɗan za ka yi barci. Kuma da farko yakan yi, nan tarkon yake. Giya tana saurin kwantar da mutum, amma tana yayyanka barcin ƙarshen dare, ya farka a gajiye, gabansa na faɗuwa fiye da jiya. Jiki kuma yana sabawa, abin da kwalba ɗaya ta yi bara sai uku bana. Ga shi ba sai ya yi nisa ba, kasuwar mami tana bayan gida. Ko a jihohin da aka hana sayar da giya tun shekarar 2000, bariki hurumin gwamnatin tarayya ne. (Abin mamaki, ita mamin nan ba da giya ta faro ba. Matar wani soja ce, Mammy Ochefu, ta fara sayar da wani abin sha mai kama da kunu a barikin Enugu a 1959, sunanta ya bi kasuwar har yau.)

Kada kuma a ɗauka matsalar sojanmu ce kaɗai. A Amurka, binciken lafiyar sojoji na 2018 ya nuna kusan ɗaya cikin uku ya yi shan wuce kima a zama ɗaya cikin watan da ya gabaci tambayar. Duk inda aka haɗa samartaka, nisa da iyali, ganin mutuwa da albashi a aljihu, Shaiɗan ya sami kasuwa.

Kai, ko a rundunar magabata an samu. Malaman tarihi sun kawo labarin Abu Mihjan Assaƙafi, jarumi ne na gaske, amma giya ta zame masa jarraba, an yi masa haddi ba sau ɗaya ba. A yaƙin Ƙadisiyya, wajen shekara ta 15 bayan hijira, kwamandan Musulmi Sa'ad bin Abi Waƙƙas (RA) ya sa aka ɗaure shi da mari saboda batun giyar nan. Yana ɗaure yana jin ƙarar takubba, abin ya dame shi. Sai ya roƙi Salma, matar Sa'ad, ta kwance shi, ya yi mata alkawarin in bai mutu ba zai dawo ya mayar da ƙafarsa cikin mari da kansa. Ta yarda da shi. Ya hau Balƙa'u, godiyar Sa'ad, ya yi yaƙin da ya ba kowa mamaki, Sa'ad yana kallo daga sama saboda rashin lafiya, yana cewa a ransa wannan salon kamar na Abu Mihjan, dabbar nan kuma kamar tawa. Da aka tashi ya dawo ya cika alkawari. Da Sa'ad ya ji abin da ya faru sai ya sake shi, ya ce ba zai ƙara dukansa a kan giya ba. Shi kuma a nan take ya ce ya bar ta har abada.

Ban kawo wannan don in ce a daina hukunci ba. Na kawo shi don ku ga abu biyu. Mutum yana iya zama mashayi kuma alherinsa bai mutu ba. Sannan abin da bulala ta daɗe tana nema ba ta samu ba, an same shi ranar da aka ga alherin nan aka girmama shi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yanzu ita matar. Me ya sa ta yi shiru har sai ƙarfe biyu na dare?

Domin zaman bariki zaman ido ne. Ɗaki na jikin ɗaki, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Abin da aka faɗa a bakin famfo da safe, kafin azahar ya kai kunnen matar oga. Maye kuma laifi ne a dokar soja, yana iya kai mutum gadurum, ya taɓa masa ƙarin girma. Iyayenta suna wani gari mai nisa, in ma ta faɗa musu za su ce ta dawo gida, ko su ce ai kowa da irin nasa. Wannan tsoron ba namu ne mu kaɗai ba. Matan sojan Amurka ma shi ne ke hana su zuwa neman taimako, tsoron kada a rubuta wa miji wani abu a fayil. Shi ya sa masu bincike na cibiyar RAND a can suka ce to bari mu kai musu taimakon cikin waya, inda ba wanda zai ga shigarsu ko fitarsu. Suka shirya wani darasi na intanet mai zama huɗu, suka sa masa suna Partners Connect, suka nemo mutum sama da 300 ta Facebook, waɗanda shan giyar abokan zamansu sojoji ko tsofaffin sojoji yake damu. Bayan wata biyar, waɗanda suka bi darasin sun fi sauran samun sauƙin fargaba, sun kuma fi jin cewa suna da masu tallafa musu.

Ku ga wa aka fara yi wa magani: mai jinya, ba majinyacin ba. Ni wannan ya tsaya min a rai. Mu kullum shi muke kallo, ita kuwa tana ramewa a gefe, ba barci, ba ci, hawan jini na shigowa, wata ma har ta fara shan maganin tari ko ƙwayar barci don ta samu sauƙi, a wayi gari masu ciwo sun zama biyu a gida ɗaya.

Darasin nan an gina shi ne a kan wata hanya da ake kira CRAFT, wadda Robert Meyers da abokan aikinsa suka inganta a Jami'ar New Mexico. An tsara ta ne musamman don iyalin mashayin da ya ƙi zuwa asibiti. A wani gwaji da aka buga a 1999, an raba mutum 130 gida uku. Kashin da aka koya wa su janye hannu su kula da kansu kawai, 13 cikin 100 ne mashayansu suka shiga magani. Kashin da aka shirya wa taron dangi na titsiye, a zaunar da shi a faɗa masa gaskiya gaba da gaba, 30 cikin 100. Kashin da aka koya wa CRAFT kuwa, 64 cikin 100. Wannan gwajin ido da ido aka yi shi da ƙwararru, kuma ba a kan sojoji kaɗai ba, don haka kada wata ta ɗauka karatu a waya zai yi aikin asibiti. Amma darasin da ke ciki a fili yake. Titsiye da gori ba su ne suka fi kai mutum ga magani ba. Hikima kuwa kayan mumini ce, inda ya tsince ta ya ɗauka, matuƙar ba ta ci karo da shari'a ba. Na duba abin da suke koyarwa, ban ga inda ya ci karo ba. Hasali ma wani wajen kamar daga littafanmu aka ɗebo.

To 'yar'uwa, matso kusa, da ke nake.

Abu na farko, ki daina yaƙi da kwalba, ki fara karantar mijinki. Sati biyu ko uku ki zuba ido kawai. Wace rana yake sha? Ranar albashi ce, ko ranar da ya sauko daga aikin dare, ko ranar da aka kira shi aka ce wane ya rasu a daji? Da wa yake fita? Me ya faru awa ɗaya kafin ya ɗauki hularsa? Me yake samu a shan, barci ne, hira ce da waɗanda suka san abin da ya gani, ko gudun hayaniyar gida? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, babu likitan da ya kai ki sanin wannan. In kin gano cewa daren Juma'a bayan isha'i ne lokacin, to kin san inda za ki sa wani abu a gurbin: ziyarar ɗan'uwan da yake jin nauyinsa, abincin da ya fi so, ko ki tura yara su ce Baba a kai mu wuri kaza.

Na biyu, kada ki yi magana da maye. Wallahi ɓata baki ne. Wanda ya shigo yana tangaɗi ba ya jin wa'azi, gobe ma ba zai tuna ba, abin da zai tuna kawai shi ne an ci masa mutunci. Ki ce masa a taƙaice, ba tsawa ba zagi, "Baban Ummi, in ka sha ba na jin daɗin zama da kai, sai da safe," ki shige wajen yara. Ba hira, ba dariya, ba kuma tashin duniya. Amma ranar da ya dawo garau, ranar nan ki nuna masa bambanci. Fuska a sake, shimfiɗa a gyare, ki faɗa da bakinki: "Yau na ji daɗin ganinka haka, yara ma ka ga yadda suke murna." Da yawa muna yin akasin haka. Ranar da ya sha a kwana ana rigima, ranar da bai sha ba kuma a tare shi da gorin na jiya. To me ya ci riba da ƙin shan? Ki sa ya zama ranar da babu giya ta fi daɗi a gidan nan, ya gani da idonsa. Ku tuna Abu Mihjan.

Akwai hadisi a Bukhari, na wani sahabi mai suna Abdullahi da ake yi wa laƙabi da Himar, mai ba Annabi (SAW) dariya. An sha kawo shi saboda giya ana yi masa hukunci. Wata rana wani ya tsine masa don yawan kawo shi da ake yi, sai Annabi (SAW) ya hana, ya kuma shaide shi da son Allah da Manzonsa. A wata ruwayar game da wani mashayin, ya hana sahabbai su zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwansu. An yi hukunci, amma an hana tsinuwa. Ke da ba alƙaliya ba, ina kika ga hurumin "ɗan giya, tsinanne, ka ji kunya" a gaban 'ya'yansa? Duk ranar da ya yarda cewa shi tsinanne ne, to mami ce kaɗai inda ba a ƙyamarsa, can zai koma.

Yadda ake faɗar magana ma ilimi ne. Kwatanta waɗannan biyun. "Kai kullum haka kake, ka ƙarar da kuɗin makarantar yara a wajen 'yan iska." Da kuma: "Na san tun da ka dawo barci yake maka wuya, kuma na san ni ma faɗan da nake yi ba ya taimakawa. Tsoro nake ji in dare ya yi ba ka shigo ba. Ina so ranar albashi mu fara cire kuɗin makaranta tare kafin komai." Ta biyun gajera ce, ta faɗi abin da take ji, ta nuna ta fahimce shi, ta ɗauki ɗan nata kason, ta kuma nemi abu ɗaya tak wanda zai iya yi. Irin wannan ake koya wa matan can a waya, har da gwaji, mace ta maimaita kafin ta faɗa. Ke ma ki gwada a gaban madubi, ba abin kunya ba ne.

Na uku yana da ɗaci. Ki daina share masa hanya. In ya makara fareti saboda shan jiya, ba aikinki ba ne ki kira ki yi ƙaryar zazzaɓi. In ya ci bashi a mami, kada ki sayar da ɗan kunnenki ki biya a ɓoye. Rufin asiri daban, ɗauke wa mutum sakamakon aikinsa daban. Muddin wani ne yake biyan kuɗin ɓarnar, shi bai ga dalilin dainawa ba. Sai dai wannan yana da iyaka: in abin ya shafi rai, kamar zai tuƙa mota ko babur cikin maye, ko ya faɗi ba ya motsi, to nan ba wajen koya darasi ba ne. Ki ɓoye makulli, ki kwantar da shi ta gefe don kada amai ya shaƙe shi, ki nemi taimako.

Sannan ki shirya tun kafin ranar ta zo, don ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai safiyar da mashayi yake farkawa cikin nadama, ya ce na gaji da wannan rayuwar. Ƙofar nan ba ta daɗewa a buɗe. In ta buɗe, ya kasance kin riga kin san inda za a je da ranar da ake ganin likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, akwai na Dawanau a Kano, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen, haka asibitocin soja. Hukumar NDLEA ta buɗe layin waya na kyauta a 2022 don masu neman shawara a kan shaye-shaye. Kuma ba sai kin ce masa "mu je a raba ka da giya" ba. Ki ce mu je a duba maganar barcin nan. Gaskiya kika faɗa, kuma ta fi sauƙin haɗiya.

A nan akwai gargaɗin da nake roƙon kowa ya isar. Wanda ya daɗe yana sha kullum, har in bai sha ba hannunsa na karkarwa da safe, gumi na keto masa, to kada a ce ya yanke lokaci ɗaya a gida, ko a kulle shi a ɗaki. Jikin da ya saba yana iya yin bore: jijjiga irin ta farfaɗiya cikin kwana ɗaya ko biyu, sannan a kwana na biyu zuwa na huɗu ruɗewa da gane-gane da zazzaɓi, kuma wannan yana kisa. Mutanenmu sai su ce aljanu ne, a yi ta hayaƙi har rai ya fita. Ba a hana ruƙya ba, amma a yi ta a gadon asibiti, inda likita zai ba shi maganin da zai sauko da jikin a hankali. Wani zai ce Malam, kana nufin ya ci gaba da sha ke nan? A'a. Ina nufin niyyar tuba yau, asibiti yau. Giya ta haramta an gama, saukar da hukuncinta mataki-mataki a surorin Baƙara da Nisa'i da Ma'ida ba ya halatta wa kowa kurɓa ɗaya a yanzu. Amma ya koya mana cewa Wanda Ya halicci ɗan Adam Ya san abin da ya kama jiki ba ya fita da tsawa.

Haka nan masu tallar "maganin raba miji da giya cikin kwana uku, a zuba a abinci bai sani ba". Ki guje su. Ba ki san me ke cikin ƙullin ba. Akwai maganin asibiti na gaske mai suna disulfiram, wanda in mutum ya sha shi ya kuma sha giya a kai jikinsa yake rikicewa, amai, bugun zuciya, faɗuwar jini, kuma ko likita ba ya bayar da shi sai da sanin mai shan da yardarsa. Ki zuba wa mutum abin da ba ki sani ba, in ya mutu me za ki ce wa Allah?

Mu dawo kan tambayarta ta asali: in ta faɗa, ta yi giba?

A'a, in ta faɗa wa wanda zai iya taimako, gwargwadon buƙata. Imam Nawawi a Riyadus Salihin ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum yake halatta, a cikinsu akwai neman fatawa da neman taimako don kawar da mummunan aiki. Hindu bint Utba ta kai ƙarar maƙon mijinta Abu Sufyan wajen Annabi (SAW), bai ce ta yi giba ba, ya ba ta mafita. Don haka likita, ko limamin bariki (rundunar soja tana da limamanta masu kaki, an san su da wannan aiki), ko wani babba a danginsa da yake jin maganarsa, ko Magajiyar bariki in kin san mai riƙe sirri ce, duk waɗannan neman magani ne.

Abin da ba neman magani ba shi ne ki zuba labarin a guruf na mutum ɗari biyu, ko ki aika wa masu shafukan "a ɓoye sunana" da bayanin da duk wanda ya san ku zai gane. Saƙo in ya bar wayarki ya bar hannunki, hoton allo ɗaya ya isa. Ga shi kuma mijinki soja ne, faɗar inda aka tura shi ko ranar da zai dawo yana iya jefa shi da abokan aikinsa cikin haɗari. Ki tambayi duk wanda ya ce shi mai ba da shawara ne a intanet: a wane asibiti kake aiki, me ka karanta? Wanda ya fara da neman kuɗin "buɗe fayil" ko hotonki, rufe shi. Ki kuma yi hattara da namijin da zai zama "mai saurarenki" da tsakar dare. Zuciyar da ta gaji tana saurin jingina, da yawa an shiga ta ƙofar nasiha an fita ta wata ƙofar. Wannan har mu malamai ya shafa, shi ya sa nake mayar da irin waɗannan saƙonni ga malama mace in an wuce amsa ɗaya ko biyu.

Duk abin da na faɗa a sama yana aiki ne in babu duka. In yana dukanki, ko ya taɓa nuna miki makami, ko yana maganar kashe kansa, to an bar babin gyaran magana an shiga babin tsare rai. Ki san gidan da za ki kwana in dare ya ɓaci, ki ajiye ɗan kuɗin mota da takardun yara a inda hannu zai kai, ki sanar da waliyyinki da wanda ke da iko a kansa a wurin aiki, ko da kuwa zai taɓa masa ƙarin girma. Igiya a kafaɗa ba ta kai rai ba. A mazhabar Malikiyya mace tana da haƙƙin zuwa gaban alƙali ta nemi a raba aure saboda cutarwa, ba kuma za a ce ta yi laifi ba. Amma shan giyar kansa bai warware aure ba, bai kuma fitar da shi daga Musulunci ba muddin bai halatta ta ba. Maganar sakin da aka furta cikin maye kuwa malamai sun yi saɓani a kai, kada ki karɓi fatawarta a waya, ku je gaban alƙali ko malamin da zai ji ta bakin kowa.

Kai kuma ɗan'uwa soja, na san wasunku suna karanta shafin nan a bakin aiki. Mun san abin da kuke yi mana, muna barci kuna tsaye, Allah Ya saka da alheri. Ka ji an ce wanda ya sha giya ba a karɓar sallarsa kwana arba'in, sai ka ce to me ya rage, ka ajiye sallar gaba ɗaya. Wannan fahimtar Shaiɗan ce. Malamai sun bayyana cewa ladan ne ake hana shi, amma wajibcin yana nan a wuyansa, barin ta kuma ya fi shan girma, sannan wanda ya tuba Allah Yana karɓa. Ko jiya ka sha, yau in ka wartsake yi alwala ka yi sallah. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da wasu tambayoyi goma da ake kira AUDIT, suna nan a intanet kyauta, minti biyar sun isa. Ka amsa su kai kaɗai, tsakaninka da Allah. In makinka ya kai 8, shan ya shiga haɗari. In ya kai 20, likita kake buƙata ba jibi ba. Ka je ka ce masa ba na barci, ka faɗa masa nawa kake sha ba ragi. Wanda harsashi ya sama ba ya jin kunyar a ɗauke shi a kai shi asibiti, wannan ma rauni ne da ka samo a fagen daga.

Ita baiwar Allahn da ta turo saƙo, na haɗa ta da wata malama da kuma wata ma'aikaciyar jinya da na yarda da amanarsu. Shekaranjiya ta aiko cewa bai daina ba, amma sati biyu ke nan ba a yi faɗa a gidan ba, kuma da bakinsa ya ba ta labarin abokinsa da ya rasu a hannunsa, abin da bai taɓa faɗa mata ba. Ta ce ya yarda za su je a duba maganar barcin in ya sauko daga aiki ranar Litinin. Ku sa su a addu'a.